SU WANE NE KE KULA DA MAI CIKI KO MAI JEGO IDAN CIWO YA YI TSANANI?

 

Mafi yawan matan da ke haihuwa a asibiti suna sauka lafiya, su yi kwana ɗaya ko biyu a sallame su, su koma gida da jariransu. Wannan shi ne fatanmu gare ki, kuma shi muka fi gani. Amma akan sami kaɗan daga cikinsu da al'amari kan juya musu farat ɗaya. Wata jini ne zai ɓalle mata, wata jijjiga ce za ta kama ta, wata kuma numfashi ne zai gagare ta. A irin wannan hali akan ɗauke mace daga ɗakin haihuwa a kai ta Sashen Kulawa ta Musamman, wanda za ku ji ma'aikata suna ce wa ICU.

Daga nan sai dangi su fara ganin baƙin fuskoki. Ga wani likita ya zo ya saurari ƙirji, ga wani yana tambayar yawan fitsari, ga wani ya ce a nemo masu ba da jini. Sai hankali ya tashi, a fara cewa tunda likitoci suka taru a kanta haka, ai babu sauran fata. Akwai ma waɗanda tsoro kan sa su nemi a ba su marar lafiyarsu su tafi da ita gida, a daidai lokacin da ta fi bukatar asibiti.

Taruwar likitoci a kan marar lafiya alama ce ta cewa an raba aiki. Tsananin ciwo yakan taɓa sassan jiki da yawa a lokaci guda, kuma kowane sashe yana da ƙwararren da ya shafe shekaru yana koyon aikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wannan fitowa za mu gabatar muku da waɗannan ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, mu faɗi aikin kowa, sannan mu faɗi naku, domin ku ma kuna da aiki a ciki.

MENE NE SASHEN KULAWA TA MUSAMMAN?

Ɗaki ne mai gadaje kaɗan da ma'aikata masu yawa, inda ake sa ido a kan marar lafiya dare da rana, a kuma tallafa wa sashen jikin da ya gaza har ya farfaɗo. Asalinsa ya faro ne a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak a shekarar 1952, lokacin da annobar shan inna ta kwantar da mutane da yawa waɗanda suka kasa numfashi. Wani likitan sa barci mai suna Bjorn Ibsen ya ba da shawarar a sa musu bututu a maƙogwaro, a riƙa hura musu iska. Ɗaruruwan ɗaliban likita suka yi ta karɓa-karɓa suna matsa jakar roba da hannu, dare da rana, na tsawon makonni. Mace-mace suka ragu ƙwarai. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗaki na musamman domin irin waɗannan marasa lafiya, sauran ƙasashe suka yi koyi.

Idan kun shiga za ku ga allo kamar na talabijin a saman gado. Yana nuna bugun zuciya da hawan jini da yawan iskar oksijin a cikin jini, wanda ake aunawa da ɗan abin da ake maƙala wa a yatsa. A mai lafiya wannan lamba takan kai 95 zuwa sama. Na'urorin suna yawan ƙara. Ba kowace ƙara ce hatsari ba, wani lokaci waya ce ta zame don marar lafiya ta motsa.

ME KE KAI MAI CIKI KO MAI JEGO WANNAN SASHE?

Ciki yana ɗora wa jiki aiki mai nauyi. Jinin jikinki yakan ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, zuciyarki kuma ita ce ke tura shi. Idan ciki ya kai watan haihuwa, jinin da ke ratsa mahaifa a kowane minti ɗaya yakan kai rabin lita ko fiye. Shi ya sa idan matsala ta taso takan yi sauri. Waɗanda muka fi gani su ne:

1. Jijjiga da hawan jinin masu ciki mai tsanani.
2. Zubar jini mai yawa kafin haihuwa ko bayanta, har da fashewar mahaifa bayan doguwar naƙuda.
3. Shigar ƙwayoyin cuta cikin jini bayan haihuwa ko ɓari.
4. Ciwon zuciya na masu jego.
5. Tsayawar aikin ƙoda, wanda yawanci ɗaya daga cikin ukun farko ne ke jawo shi.

Akwai kuma cututtukan da mace ke da su tun kafin ciki, kamar sikila da ciwon suga da asma, waɗanda ciki kan tayar da su.

LIKITAN MATA DA HAIHUWA

Ko an kai ki Sashen Kulawa ta Musamman, likitan mata bai sake ki ba. Kullum zai zo zagaye, shi ko mataimakansa. Aikinsa shi ne kawar da tushen matsalar.

Idan jijjiga ce, zai sa a yi miki allurar magnesiyam salfet, wadda ke tsayar da jijjiga ta kuma hana ta dawowa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya haɗa mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa wannan allura tana rage hatsarin jijjiga da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Zai kuma ba da maganin saukar da jini idan ya kai 160 a kan 110. Sai dai cikakken maganin jijjiga shi ne a raba uwa da cikin. Saboda haka idan likita ya ce a fitar da jariri yanzu ko da wata bai cika ba, ko ta hanyar tayar da naƙuda ko ta tiyata, ku sani ran uwa ake son cetowa, sau da yawa har da na jaririn.

Idan jini ne, zai murza mahaifa don ta tsuke, a yi allurar oksitosin, a duba ko akwai ragowar mabiyiya ko yagewar da ke bukatar ɗinki. Akwai kuma allurar taranekzamik asid, wadda bincike ya tabbatar a 2017 cewa tana rage mutuwa daga zubar jini idan aka yi ta cikin awa 3 da haihuwa. A 2023 aka wallafa wani bincike da aka gudanar a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ke cikin jagororinsa. Ya nuna cewa idan aka auna jinin da ke zuba da wata leda mai ma'auni, aka kuma haɗa waɗannan matakai a lokaci ɗaya, mummunan sakamakon zubar jini yana raguwa da kashi 60 cikin 100. Idan duk an yi wannan jini bai tsaya ba, matakin ƙarshe shi ne cire mahaifa. Hukunci ne mai nauyi, kuma babu likitan da ke yanke shi sai ya ga rai na shirin salwanta.

LIKITAN SA BARCI

Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa bai wuce ya yi allura marar lafiya ta yi barci a ɗakin tiyata ba. Alhali shi ne mai tsaron numfashi da bugun zuciya da hawan jini tun daga farkon aiki har ƙarshensa. A yawancin asibitocinmu na koyarwa, likitocin sa barci su ne ke jagorantar Sashen Kulawa ta Musamman, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka ƙara ƙwarewa a kan kula da masu tsananin ciwo kaɗai.

A tiyatar haihuwa ya fi yawan yin allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa, uwa tana farke har ta ji kukan jaririnta. Idan hali bai ba da damar haka ba, sai ya sa ta barci gaba ɗaya. Zai tambaye ku yaushe rabonta da abinci. Ku faɗi gaskiya, ko da kunu ne kofi ɗaya, domin abin da ke cikin ciki yana iya tasowa ya shiga huhu yayin barcin.

Shi ne kuma ke yanke shawarar sa marar lafiya a na'urar numfashi. Akan zura bututu ta baki zuwa maƙogwaro, na'ura ta riƙa tura iska cikin huhu. Mai wannan bututu ba ta iya magana, kuma ana ba ta maganin barci da na kashe zafi da gangan don ta huta. To, idan kun kira sunanta ba ta amsa ba, sau da yawa maganin ne. Na'urar tana riƙe mata numfashi ne har magani ya yi aiki. Idan ta fara samun ƙarfi akan rage taimakon na'urar a hankali, sannan a zare bututun.

NAS DA UNGOZOMA

Likitoci suna zuwa su tafi, nas kuwa tana bakin gado. A wannan sashe nas ɗaya takan kula da marar lafiya ɗaya ko biyu kawai, kuma ta sami horo na musamman a kan haka. Kowace awa tana rubuta bugun zuciya da hawan jini da numfashi da ruwan da ya shiga jiki da wanda ya fita. Ita ce ke fara lura idan wani abu ya canja, ta kira likita.

Za ku ga an sa wa marar lafiya robar fitsari, nas tana yawan duba jakar. Dalili shi ne fitsari yana nuna ko jini na isa ƙoda yadda ya kamata. Ana son a ga aƙalla mililita 30 a kowace awa, wato kimanin babban cokali biyu. Kada ɗan'uwa ya zubar da fitsarin jakar da niyyar taimako, domin lissafi zai ɓace. Ga wadda ake yi wa allurar magnesiyam, nas takan ƙwanƙwasa gwiwarta ta kuma ƙirga numfashinta kafin kowace allura, don tabbatar da cewa maganin bai yi mata yawa ba. Tana kuma juya marar lafiya kamar kowace awa 2 don kada kwanciya ta jawo gyambo.

Ungozoma ita ma takan zo. Tana duba ko mahaifa ta tsuke, da yawan jinin biƙi da warinsa, da wurin ɗinki. Tana taimakawa wajen tatsar nono don kada ya ɗauke kafin uwa ta warware.

LIKITAN ZUCIYA

Akwai ciwon zuciya da ke kama mace a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, inda naman zuciya ke yin rauni ya kasa tura jini. Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Alamominsa su ne haki, da kasa kwanciya sai an tara matashi, da tari da daddare, da kumburin ƙafa da ciki. Sau da yawa akan ɗauka gajiyar jego ce har sai abin ya yi nisa.

Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan wannan ciwo, suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da yawan shan kunun kanwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ciwon yana kama har waɗanda ba su yi waɗannan al'adu ba, kuma hawan jinin ciki da rashin isasshen abinci mai gina jiki suna cikin abubuwan da ke ƙara hatsarinsa. Duk da haka, kanwa da gishiri suna tara ruwa a jiki, don haka suna cutar da wadda ke da hawan jini ko raunin zuciya.

Likitan zuciya zai yi wa zuciyar hoton sikanin ya ga ƙarfin bugunta, ya ba da maganin rage ruwa da na ƙarfafa ta. Wasu zuciyarsu takan warke sarai cikin watanni, wasu kuma sai sun daɗe a kan magani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba ya yi bayani. Maigida, wannan magana da kai ake yin ta.

LIKITAN ƘODA

Ƙoda ita ce matatar jini. Idan mace ta zubar da jini mai yawa, ko ta yi jijjiga, ko ƙwayoyin cuta suka shiga jininta, ƙoda tana iya tsayawa, fitsari ya ragu ko ya ɗauke, datti ya taru a jiki. Likitan ƙoda zai ƙayyade yawan ruwan da za a ba ta, ya cire magungunan da ke wahalar da ƙoda. Idan dattin ya yi yawa sai ya ce a yi wankin ƙoda, wato a ratsa jinin ta cikin na'ura ta tace shi ta mayar.

Jin kalmar wankin ƙoda yana firgita mutane, domin sun san waɗanda ke yinsa har ƙarshen rayuwa. Na mai jego yawanci daban yake. Ƙodar da ta tsaya farat ɗaya saboda haihuwa takan farfaɗo a mafi yawan lokuta cikin kwanaki ko makonni, kuma wankin yana riƙe rai ne kafin lokacin. A wannan hali kada a ba ta jiƙo ko sassaƙe ko maganin ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ibuprofen, domin suna iya ƙarasa ƙodar.

LIKITAN JINI DA MA'AIKATAN BANKIN JINI

Babu masana'antar da ke yin jini, daga jikin mutum ake samunsa. Ma'aikatan bankin jini suna gano rukunin jinin marar lafiya, ko A ne ko B ko AB ko O, su gwada shi da na ledar da za a ƙara mata don a tabbatar sun dace. Suna kuma tantance kowace leda daga cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere. Wannan aiki yana ɗaukar lokaci, shi ya sa muke cewa a tanadi masu ba da jini tun lokacin awo.

Abin da ake ɗiba daga mai bayarwa bai kai rabin lita ba, kuma jikin mai lafiya yana mayar da shi. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya sa rama. Likitan jini kuma ana kiransa ne idan jinin marar lafiya ya daina daskarewa, ko idan mai sikila ce, don ya tsara irin jinin da za a ba ta da yawansa.

MASU GWAJI DA MASU HOTO DA MASU HAƊA MAGANI

Waɗannan ba kasafai za ku gan su a bakin gado ba, amma da sakamakonsu ake yanke hukunci. Idan ana zargin ƙwayoyin cuta, akan ɗebi jini ko fitsari ko ruwan ciwo a kai ɗakin gwaji a rena ƙwayar don a san irinta da maganin da ke kashe ta. Wannan yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Likita ba zai jira ba, zai fara da magani mai ƙarfi, idan sakamako ya fito ya canja in da bukata. Canja magani a irin wannan hali ba kuskure ne aka yi da farko ba. Haka kuma yawan ɗibar jini don gwaji ba ya ƙarar da jinin marar lafiya, kaɗan ake ɗiba.

Likitan hoto shi ke karanta hoton ƙirji da sikanin na ciki. Idan mace ta daɗe ba ta farfaɗo ba bayan jijjiga, ko ɓarin jikinta ya shanye, akan kira likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, shi kuma yana iya neman hoton kai. Mai haɗa magani yana duba ko magungunan da likitoci daban-daban suka rubuta sun dace da juna, da kuma waɗanda ke shiga ruwan nono.

MASU GASHI DA MASU TSARA ABINCI DA MA'AIKATAN WALWALA

Doguwar kwanciya tana tara majina a ƙirji, ta sanƙarar da gaɓoɓi, ta sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ma'aikacin sashen gashi zai riƙa motsa mata hannu da ƙafa tun ba ta farka ba, ya bubbuga ƙirji, daga baya ya koya mata zama da tsayuwa da tafiya. Mai tsara abinci yana lissafa abin da za a ba ta ta robar hanci idan ba ta iya haɗiya. Ma'aikacin walwala kuma shi za ku nema idan kuɗin jinya ya fi ƙarfinku, tun kafin ku yi tunanin ɗauke ta. Wasu matan bayan sun warke sukan yi fama da firgita da rashin barci da yawan kuka, musamman wadda ta rasa jaririnta. Wannan ma yana da masu kula da shi, a faɗa wa likita.

LIKITAN JARIRAI

Idan uwa ta shiga hatsari, sau da yawa jariri ma yana bukatar taimako. Shi ya sa ake kiran likitan jarirai ya tsaya a ɗakin tiyata. Minti na farko shi ne mafi muhimmanci: a goge jariri, a ɗumama shi, in bai yi numfashi ba a hura masa iska da 'yar jakar roba. Akan ba shi maki a minti na 1 da na 5 bisa tsarin da wata likitar sa barci a Amurka, Virginia Apgar, ta ƙirƙiro a 1952.

Jaririn da aka haifa kafin mako 37, ko wanda bai kai kilo 2.5 ba, ko wanda ya wahala a naƙuda, akan kai shi sashen jarirai. Can za ku ga kwalbar ɗumama bakwaini, da fitila mai shuɗin haske ta maganin shawara. Idan jariri ya ɗan yi ƙwari, akan koya wa uwa ta ɗora shi a ƙirjinta fata da fata ta ɗaure da zane, dabarar da aka faro a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978. Idan uwa tana kwance, uba ko kaka suna iya yin wannan. Kada a zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri. Shi ne rigakafin farko na jariri.

WA ZA KU TAMBAYA?

Wannan asibitin koyarwa ne, saboda haka za ku ga likitoci hawa-hawa. Babban likita ya yi shekara 6 a makarantar likita, ya yi shekarar horo, sannan ya ƙara shekaru 5 ko fiye yana neman ƙwarewa a fanni ɗaya, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. A ƙarƙashinsa akwai likitoci masu neman ƙwarewa, waɗanda ke kwana a asibiti, sai sababbin likitoci, sai ɗalibai. Ɗalibi yana kallo yana koyo, ba ya yanke hukunci a kan marar lafiya.

Ku zaɓi mutum ɗaya a cikinku mai natsuwa wanda zai riƙa karɓar bayani ya isar wa sauran dangi. Ya tambayi nas sunan babban likitan da ke jagorantar jinyar da lokacin da za a iya ganinsa. Haƙƙinku ne a yi muku bayani da harshen da kuke ji. Idan ba ku gane ba, ku ce a maimaita.

NAKU AIKIN

1. Ku zo da wuri. Ƙwararren likita ya fi samun nasara a kan wadda aka kawo a awa ta farko fiye da wadda aka kawo bayan kwana biyu. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashewa cikin awa 2.

2. Ku zo da katin awo, ku faɗi duk abin da aka ba ta a gida, ko na gargajiya ne ko allurar naƙuda daga kemis. Ba faɗa za a yi muku ba, magani ake son daidaitawa.

3. A gama maganar izini tun kafin ranar. Mace baliga da ke cikin hayyacinta tana da haƙƙin sa hannu a yi mata aiki. Idan ba ta cikin hayyacinta akan nemi mijinta ko makusancinta. Maigida, in za ka yi tafiya ka bar izini a fili cewa a kai ta asibiti a yi mata abin da ya dace, ka bar kuɗin mota da lambar wayar da za a same ka.

4. Ku tanadi aƙalla mutum biyu masu lafiya da za su ba da jini.

5. Idan jijjiga ta kama ta a gida, ku kwantar da ita a ɓarin hagu, ku kawar da abin da zai ji mata ciwo, ku nemi mota. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a yi mata hayaƙi, kada a ɗura mata komai.

6. A cikin sashen, ku wanke hannu kafin shiga da bayan fita, ku yi haƙuri da taƙaita masu dubiya. Ku yi mata addu'a, ku riƙe hannunta, ku yi mata magana mai daɗi. Amma kada a zuba mata ruwa ko rubutu ko zuma a baki ba da sanin nas ba, domin wadda ba ta iya haɗiya huhunta abin zai tafi.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Ya ke mai ciki ko mai jego, ki taho asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannu, ciwo a saman ciki ta dama, zubar jini, zazzaɓi mai zafi ko jinin biƙi mai wari, haki ko kasa kwanciya, raguwar fitsari, raguwar motsin jariri, ko naƙudar da ta wuce awa 12.

KAMMALAWA

Ba za mu ɓoye muku ba, ba kowace marar lafiya da ta shiga wannan sashe ce ke fita ba. Rai a hannun Allah yake. Amma mata masu haihuwa yawancinsu matasa ne masu ƙarfin jiki, kuma da yawansu suna warkewa sarai idan an kawar da tushen ciwon a kan lokaci. Ranar da aka ce za a mayar da ita ɗakin masu jego, ku yi hamdala, alama ce ta sauƙi. Bayan sallama kuma a kiyaye ranakun komawa ganin likita, ko da ta ji garau.

Idan kina da tambaya a kan abin da kika karanta, ki yi wa ungozoma ko likita a ranar awonki, ki kuma ba maigida wannan takarda ya karanta ko a karanta masa. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za ku haifa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.